Tulif ko dafodil, a ƙasa ko a tukunya: abin dubawa kafin ka binne albasar fure

Duk lafiyayyar albasar fure da ka saya a watan Satumba ko Oktoba, furenta yana cikinta tun kafin ta zo hannunka. Ka ɗauki albasar tulif ko ta hayasint ka tsaga ta biyu daga sama zuwa ƙasa, za ka tarar da ɗan mitsitsin furen a tsakiya ya riga ya haɗu, ɓawon da ya lulluɓe shi hawa-hawa kuma guzurinsa ne. Manomin da ya raine ta a gonarsa shi ya sha wahalar. Wannan ya sa a shekarar farko kowa gwani ne. Da wanda ya iya da wanda bai iya ba, duk za su ga fure idan hunturu ya fita. Sai a shekara ta biyu da ta uku ake gane wanda ya zaɓi abin da ya dace da ƙasarsa, kuma da wannan ya kamata a auna tulif da dafodil, ba da hoton da ke jikin leda ba.

Furannin nan na ƙasashen da ke da hunturu na gaske ne. Ana binne su da kaka, su yi saiwa kafin ƙasa ta daskare, su kwanta cikin sanyi wata uku zuwa huɗu, sannan su fito tsakanin Fabrairu da Mayu. A kudancin duniya, irin su Ostareliya da Ajantina, lissafin juyewa yake yi: shuka wajen Afrilu da Mayu, fure wajen Satumba. Manyansu biyu ne, tulif mai fure kamar ƙoƙo a kan kara ɗaya, da dafodil mai fure yawanci rawaya ko fari da ɗan ƙoƙo a tsakiya. Akwai hayasint mai ƙamshi da kurokus mai sammako, zan zo kansu, amma mai sayen farko yawanci tsakanin waɗancan biyun yake rasa na ɗauka, daga nan kuma sai tambayar inda za a sa su.

Sanyi ne ke fara yanke hukunci

Kafin ka duba launi ko tsayi, ka duba irin sanyin da wurinka yake samu. Tulif tana bukatar kimanin mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai haura digiri 9 a ma'aunin Salshiyos ba. Sanyin ne ke narkar da sitacin da ke cikin albasar ya koma sukari, shi ne kuma ke sa karan furen ya miƙe idan lokaci ya yi. In ba ta samu ba, ko dai furen ya buɗe a dunƙule can gindin ganye, kara bai fi ɗan yatsa ba, ko ya ƙi fitowa sam. Yawancin dafodil ma suna son sanyi kusan haka, sai dai sun fi sassauci. A cikinsu ma akwai dangin da ake kira tazeta, wanda farar Paperwhite take ciki, ita ba ruwanta da sanyi ko kaɗan. Ka dasa ta, bayan mako huɗu zuwa shida ta yi fure.

Wanda hunturun wurinsa ba ya yin tsanani yana iya yi wa tulif dabara da firji. A zuba albasar a jakar takarda ko raga, a ajiye ta a sashen kayan lambu, ba sashen ƙanƙara ba, har ta cika makonninta, a fito da ita a dasa nan take. Kada ta zauna tare da tuffa ko ayaba, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da iskar etilin, ita kuwa tana kashe ɗan furen da ke ciki, sai ka ga ganye ya fito shar babu fure. Kuma ka sani dabarar ta shekara ɗaya ce. Ko bayan firjin, tulif tana son makonni masu sanyi-sanyi lokacin da take tsiro da fure. In rana ta yi zafi, furen da zai yi mako biyu sai ya zube cikin kwana uku. Wanda ke wurin da zafi ba ya yankewa, gaskiya ita ce tulif ba tasa ba ce. Ya nemi amarilis, wata albasar fure wadda asalinta Kudancin Amurka ne kuma ba ta jiran sanyi, zai fi samun biyan bukata.

Yadda kowacce take rayuwa a ƙarƙashin ƙasa

Nan ne asalin bambancin yake, kuma wanda ya gane shi sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Albasar tulif ɗin da ka binne ba ita za ka tono ba bayan fure. Uwar tana ƙarewa gaba ɗaya wajen fitar da ganye da fure, sai ta bar 'ya'ya a madadinta, babba ɗaya da ƙanana biyu ko uku. Idan babbar ta kai girman da ake bukata, za ta yi fure baɗi. Idan ba ta kai ba, ganye ɗaya mai faɗi za ta fitar ta tsaya. Wanda ya ga irin wannan ganye tilo a inda ya shuka tulif bara, abin da ya faru ke nan. Kowace shekara, wato, tulif daga farko take sake gina kanta, kuma ba ta iya hakan sai yanayi ya yi mata daidai.

Yanayin kuwa na mahaifarta ne. Kakannin tulif daga duwatsun tsakiyar Asiya suka fito, wajen Tiyan Shan da Famir, inda hunturu ke da tsanani, ruwan dusar ƙanƙara ya jiƙa ƙasa na ɗan lokaci, sannan zafi ya zo ƙasa ta bushe ƙamas wata da watanni. Daga can ta shiga lambunan Daular Usmaniyya, daga Istanbul ta tsallaka Turai a ƙarni na 16. Masanin tsirrai Carolus Clusius ya kai ta lambun jami'ar Leiden a Holan a 1593, kuma ba a cika shekara 50 ba cinikinta ya haukata mutane har kasuwar ta faɗi a Fabrairun 1637. Duk wannan tafiya ba ta canza mata hali ba. Har yau tana son rana sosai, aƙalla awa shida, da ƙasa mai tsane ruwa, da bushewa idan ta shiga barci. Ka sa ta a fegin da ake yi wa ban-ruwa duk lokacin zafi saboda wasu furanni, ruɓewa za ta yi ko ta tarwatse ƙanana-ƙanana.

Manoman Holan da kansu ba sa barin ta ta ji da kanta. Da furen ya buɗe sai su bi gona da inji su sare kawunan don ƙarfin ya koma ƙasa, su tone albasar a Yuni ko Yuli, su tantance, su sayar da manyan, su mayar da ƙananan gona. Lambun Keukenhof da ke Lisse, wanda aka buɗe wa jama'a a 1950, yana binne albasa kusan miliyan 7 kowace kaka, sababbi fil, don nunin da bai wuce mako takwas ba. Abin da kake gani a hotuna ke nan, kuma kuskure ne mutum ya zaci shuka ɗaya za ta ba shi haka shekara biyar a jere.

Dafodil ba haka take ba. Albasarta ba ta mutuwa bayan fure. Daga tsakiya take ƙara sabon ɓawo kowace shekara, tsohon yana matsawa waje har ya zama busasshiyar fatar nan mai ruwan ƙasa, a gefe kuma tana fitar da 'ya'ya da ke manne da ita har su girma. Ɗaya ta zama uku, uku su zama dami. Asalinta yammacin Bahar Rum ne, musamman Sifaniya da Fotugal, inda yawancin danginta ke tsirowa a filayen ciyawa da gefen kurmi da bakin rafi. Don haka ba ta tsoron danshi kamar tulif, tana jure ƙasa mai ɗan nauyi, tana kuma yarda da inuwa kaɗan, musamman ƙarƙashin bishiyoyin da ke kaɗe ganye da hunturu, tunda kafin su sake rufewa ta kusa gama aikinta. A tsofaffin gidajen da aka daɗe da tashi daga cikinsu a Turai da Amurka, sau da yawa dafodil ce ke ci gaba da fitowa ita kaɗai bayan komai na lambun ya mutu.

Adalci ne a ce ba duk tulif ne ke gajiya da wuri ba. Rukunin da ake kira Darwin Hybrid, irin su Apeldoorn, sukan dawo shekara uku ko fiye in an binne su da zurfi a ƙasa mai tsanewa. Gajerun nan na kusa da na daji, irin su Tulipa tarda da dangin kaufmanniana da greigii, su ma suna zama har su yaɗu. Masu saurin ƙarewa su ne waɗanda suka fi ɗaukar ido: masu ninkin fure, masu bakin geza, masu murɗaɗɗen ganyen fure.

Masu ci da masu cuta

Kurege da ɓera da zomo da barewa duk suna son tulif. Kurege yakan bi sabuwar ƙasar da aka tona ya zaƙulo albasar tun ba ta yi saiwa ba, barewa kuwa sai ta jira furen ya kusa buɗewa ta bi layi ta cinye kawunan a dare ɗaya. Maganin kurege shi ne zurfi da ragar waya a shimfiɗa a kan wurin har ƙasa ta kwanta. Barewa sai shinge.

Dafodil ba mai taɓa ta a cikin dabbobin nan, domin guba ce daga albasa har fure. Tana ɗauke da sinadarin laikorin da ke sa amai da gudawa, da wasu ƙananan allurai na kalsiyam okzalet masu ƙona baki. Abin da ke kare ta a lambu shi ne haɗarinta a cikin gida. Albasarta tana kama da albasar ci sosai, kuma mutane sun sha yin kuskuren. A 2015 sai da hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nisanta dafodil da sashen kayan lambu. Ka ajiye ta inda yaro ba zai kai ba, da alama a jikin jakar. Tulif ma tana cutar da kare da kyanwa idan suka ci, kuma mai yawan taɓa albasarta da hannu tsirara fatar yatsunsa takan tsattsage. Safar hannu ta wadatar. Daga dangin dafodil ɗin nan ne kuma ake samun galantamin, maganin da ake ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer, amma wannan aikin masana'antar magani ne, ba na gida ba.

Ta fuskar cuta, babbar abokiyar gabar tulif wata fumfuna ce, Botrytis tulipae, wadda ke sa ganye ya fito a murɗe da tabo kamar wuta ta lashe shi. Tana son danshi da ɗumi, shi ya sa masu lambu a Birtaniya suke jinkirta shukar tulif har Nuwamba lokacin da ƙasa ta yi sanyi. In ta bayyana, a tumɓuke wadda ta kamu a ƙone, kada a zuba ta cikin taki, kuma kada a sake sa tulif a wurin sai bayan shekara uku. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai ƙaramin fili ya yi tunani. Akwai kuma ƙwayar cutar bairos ɗin da ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye ke yaɗawa, mai sa furen ya yi zane-zane kamar harshen wuta. Irin waɗannan furanni ne aka yi ta rububi a kansu a ƙarni na 17 ba tare da an san ciwo ba ne, sai a 1928 Dorothy Cayley ta nuna cewa cuta ce mai yaɗuwa. Masu zanen da ake sayarwa yau lafiyarsu ƙalau, gado ne ba ciwo ba.

Dafodil ita ma tana da nata. Ruɓar gindi takan kama ta a ƙasa mai ɗumi da jiƙa, sannan akwai wani babban ƙuda mai kama da ƙudan zuma da ke yin ƙwai a wuyanta lokacin da ganye ke bushewa, tsutsar ta shiga ta cinye tsakiyar. Danne ƙasa a kan ramin da busasshen ganye ya bari yana rage wannan. Amma idan aka haɗa lissafi, dafodil ta fi tulif ƙarancin rigima nesa ba kusa ba.

Inda tulif ta yi zarra

In da sauƙin reno kaɗai ake dubawa, da magana ta ƙare. Amma mutum fure yake so, kuma a launi dafodil ba ta kama ƙafar tulif ba. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, Royal Horticultural Society, ta kasa dafodil gida 13 bisa siffar fure, amma duk yawansu galibi launinsu bai wuce rawaya da fari da ruwan lemo da ɗan ruwan hoda a ƙoƙon tsakiya ba. Tulif kuwa akwai ja wur, akwai fari tas, akwai shunayya, akwai mai ratsin kore, akwai Queen of Night da ta yi duhu har ta kusa baƙi. Shuɗi na gaskiya ne kawai ba ta da shi. Tsayuwarta ma daban ce: kara ɗaya miƙaƙƙe, ƙoƙo ɗaya a sama, yana buɗewa da rana yana rufewa da yamma. Talatin masu launi ɗaya a wuri ɗaya suna tsayar da mai wucewa, kuma ban ga laifin wanda ya ce zai saye su sababbi kowace shekara saboda wannan mako biyu ko ukun ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Lokacinsu ma ba ɗaya ba ne, don haka ba lallai su zama kishiyoyi ba. Dafodil na fara fitowa tun ƙarshen Fabrairu da irin su February Gold, ta cika Maris da Afrilu. Yawancin tulif daga Afrilu ne zuwa Mayu. Mai yankar fure ya sa a kwalba ya kula da abu ɗaya: karan dafodil yana zubar da wani ruwa mai yauƙi da ke sa tulif ta yi yaushi da wuri. A bar dafodil cikin nata ruwan na wasu awoyi kafin a haɗa su, kuma kada a sake yanke gindinta.

Ƙasa ko tukunya

A ganina, dafodil ta ƙasa ce, tulif ta tukunya ce, kuma dalilin yana cikin abin da ya gabata.

Duk abin da tulif ke ƙi a fegi, tukunya tana gyara shi. Ƙasar kai ka haɗa ta, kashi uku na ƙasar tukunya da kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa ko rairayi mai kaushi, ruwa ba zai kwanta ba. Sabuwa ce kowace shekara, fumfunar bara ba ta bi ta ba. Raga ɗaya ta rufe bakin tukunyar, kurege ya haƙura. Idan ta yi fure ka jawo ta bakin ƙofa, idan ta gama ka mayar da ita bayan gida ganyen ya bushe ba mai kallonsa. A tukunya ana matsa albasa kusa da juna, tazarar ɗan yatsa ta isa, kada dai su taɓa juna ko jikin tukunyar. Albasar tulif tana da gefe ɗaya shafaffe. Ka juya wannan gefen ya kalli bangon tukunya, domin ta nan babban ganyen farko ke fitowa, sai ganyayen su zubo waje su yi wa tukunyar kwalliya maimakon su cunkushe a tsakiya.

Sai dai tukunya tana da nata sharaɗi. Dole ta kasance da ramin fitar ruwa, a kuma ɗora ta kan bulo ko ƙafafu don kada gindinta ya zauna cikin ruwa. Zurfinta ya kai santimita 30 in tulif ce ko manyan dafodil. Ƙasar lambu tana riƙe ɗumi, amma tukunya sanyi na shigar ta ta kowane gefe, kuma in ta daskare ta narke ta sake daskarewa, saiwar mutuwa take yi. A wurin da sanyi ya tsananta, a jingina ta da bango, a naɗe ta da buhu, ko a kai ta rumfar da ba a ɗumamawa. Ɗaki mai ɗumi ba wurinta ba ne, don a can ba za ta sami sanyin da take bukata ba. Da tsiro ya fito kuma ban-ruwa ya hau kanka. Tukunyar da ta bushe sau ɗaya lokacin da fure ke ƙunshe tana iya ba ka busasshen kai maimakon fure.

Mai baranda kaɗai yana iya tara wata uku na fure a tukunya ɗaya ta hanyar shuka hawa-hawa. Tulif a can ƙasa, a rufe da ƙasa, dafodil a tsakiya, a sake rufewa, kurokus a sama. Kowacce tana samun hanyarta ta fito a lokacinta. Yana aiki, amma ka yarda da cewa lokacin da tulif ke fure, ganyen waɗanda suka riga ta fitowa yana nan yana yaushi a gindinta. Dafodil ɗin da ta dace da tukunya ita ce gajeriya, irin Tête-à-tête da ba ta wuce santimita 15 zuwa 20 ba. Dogayen kamar Carlton ko Dutch Master iska na kwantar da su a tukunya, a ƙasa suka fi kyau.

A ƙasa, ka'idar zurfi ɗaya ce ga kowa: ramin ya kai tsayin albasar sau uku, tsinin yana kallon sama. Ga dafodil wannan kusan santimita 15 ne, ga tulif 15 zuwa 20, kuma zurfin yana taimaka mata ta dawo baɗi. Tazara santimita 10 zuwa 15. Dafodil tana son shiga ƙasa da wuri, a Satumba ko farkon Oktoba, domin tana fara saiwa tun ƙasa da sauran ɗumi. Tulif ta jira. Ka shuka su gungu-gungu, goma ko fiye a wuri ɗaya, don layi ɗaya siriri ba ya cika ido. In ƙasarka laka ce mai riƙe ruwa da hunturu, ka ɗaga fegin ko ka koma tukunya. Ko dafodil mai haƙuri ba ta zama cikin kwantaccen ruwa.

Hayasint da kurokus

Hayasint don ƙamshi ake sayen ta. Asalinta kudancin Turkiyya da Siriya ne, kuma uku a tukunya sun isa su cika ɗaki, har wasu ƙamshin yakan yi musu yawa. Shekarar farko furenta a cunkushe yake kamar an dasa shi da hannu, daga ta biyu sai ya yi sako-sako, kuma ni wannan ya fi yi mini kyau a fegi. Mai son ta a cikin gida da tsakiyar hunturu ya nemi wadda aka riga aka shirya don haka, ya ajiye tukunyar a wuri mai duhu da sanyi kimanin mako goma, sai tsiron ya kai santimita 4 ko 5 ya fito da ita haske. Albasarta tana sa ƙaiƙayi, a taɓa ta da safar hannu.

Kurokus ƙarama ce, zurfin santimita 8 zuwa 10 ya ishe ta, kuma tana cikin masu fara fitowa, wani lokaci ta cikin dusar ƙanƙara. Ƙudan zuman da suka fara fita bayan sanyi suna samun abinci a wurinta. A filin ciyawa ta fi kyau, da yawa, a warwatse. Ɓeraye na cin ta kamar yadda suke cin tulif, sai dai Crocus tommasinianus ta fi tsira kuma tana yaɗuwa da kanta. Ba ta buɗewa sai da rana, don haka kada a sa ta a inuwa.

Mako shida bayan fure

Furen baɗi a wannan lokaci ake yin sa, kuma a nan mutane suka fi yin ɓarna da hannunsu. Ganyen shi ne gona, albasar ita ce rumbu. Wanda ya yanke ganye da zarar fure ya zube don wurin ya yi tsaf, ya hana rumbun cika. A bar ganyen aƙalla mako shida, ko har ya yi rawaya ya saki da kansa. Kada a ɗaure shi, kada a kitse shi, domin hakan na rage hasken da yake samu. In a filin ciyawa aka shuka, injin yankan ciyawa ya kewaye wurin har lokacin ya cika. Kan furen da ya mutu kuwa a tsinke shi, don kada ƙarfi ya tafi wajen yin iri, amma a bar karan. Taki mai yawan fotash ya fi amfani a wannan lokaci. Mai yawan naitirojin ganye kawai yake ƙarawa.

Wannan mako shidan shi ne kuɗin da dafodil ke karɓa, kuma ganyenta yana da yawa, yana daɗewa kafin ya kwanta. Dabarar ita ce a shuka ta a bayan tsirran da ke tasowa daga baya su rufe ta. Idan bayan wasu shekaru damin ya koma ganye zalla, yawanci cunkoso ne ko rashin zurfi ko fari da ya same ta bayan fure. A tone bayan ganye ya bushe, a rarraba, a sake binnewa da zurfi. Dafodil ɗin da ta gama a tukunya a mayar da ita ƙasa, za ta ci gaba. Tulif ɗin tukunya kuwa, wanda yake da wuri ya tone ta, ya shanya, ya ajiye manyan a raga a wuri busasshe mai iska har kaka, ya binne su a wani lungu inda ko ba su yi fure ba ba a yi asara ba. Tukunyar gaban gida a sa mata sababbi.

Wa zai ɗauki wacce

Mai fili da ba shi da lokacin tono da ajiya kowace shekara, ko wanda kurege da barewa suka dame shi, ko mai ƙasa mai nauyi da 'yar inuwa, ya ɗauki dafodil ya huta. Mai baranda ko tsakar gida da aka shafe da siminti, wanda launi yake nema kuma ya yarda ya sake saye duk kaka, tulif ce tasa. Mai ƙasa mai rairayi da rana, wadda ba a ba ta ruwa lokacin zafi, shi ne zai iya gwada tulif a ƙasa, ya fara da Darwin Hybrid ko gajerun na daji. Gidan da ke da ƙananan yara ko kare mai tono, tukunya a wuri mai tsayi ta fi kwanciyar hankali ko wacce aka zaɓa. Wanda kuma yake da fili da tukunya duka, ya kashe mafi yawan kuɗinsa a kan dafodil a shekarar farko, tunda ita sau ɗaya ake saye, ya bar tukunya biyu ko uku don tulif.

Wajen saye, girma ake bi. Lambar da ke jikin leda kewayen albasar ce a santimita. Tulif mai 12 ko fiye ita ce ta ɗaya, hayasint mai 16 zuwa 17 ta isa lambu, dafodil mai 12 zuwa 14 ta yi, mai 14 zuwa 16 ta fi. Ƙananan da ake tarawa cikin babban buhu a karya farashi sukan ba da ƙaramin fure ko ganye kawai, araha ba ta ado. Ka ɗauki albasar a hannu ka ji nauyinta, ka danna gindin inda saiwa ke fitowa. In ya yi taushi, ko ka ga fumfuna, ko ta yi sakayau kamar ba komai a ciki, ka ajiye ta. Fatar tulif da ta ɗan yage ba matsala ba ce muddin naman yana da tauri. Da ka kawo su gida ka buɗe ledar su sha iska, ka ajiye a wuri busasshe mai sanyi. In kuma aiki ya sha kanka har Disamba ta shigo suna nan a jaka, ka binne su muddin ƙasa na tonuwa. Tulif takan yi fure duk da jinkirin, dafodil tana iya yin rauni a shekarar farko ta farfaɗo a ta biyu, amma wadda aka bari a jaka har hunturu ya wuce ba ta kaiwa kaka mai zuwa.